C#, Python ko Electron: wanne ya fi sauƙin gyara ran da manhajar shago ta ƙi aiki?

Matashin da ya karanta ilimin kwamfuta a Ngaundare ko a Marwa, aikin kuɗi na farko da yakan samu bai cika wuce ɗaya daga cikin uku ba: manhajar lissafin kaya ta kanti, ta shagon magani, ko ta karɓar kuɗin makaranta. Duk ukun a kan kwamfutar tebur suke zama, galibi babu intanet, kuma mai riƙe da su ba ruwansa da yadda aka rubuta su. Tambayar da irin wannan matashi yake fara yi ita ce da wane yaren kwamfuta zai rubuta. Abokai sukan ba shi amsa da wanda ya fi tashe ko wanda ya fi daɗin rubutawa. Ni kuwa ina ganin ma'aunin da ya dace shi ne ranar da mai shago zai bugo waya daga Kusuri kana Garwa, ya ce: "Malam, abin nan naka ya tsaya, ga mutane a layi." Wanne daga cikinsu zai gaya maka abin da ya same shi, kuma wanne za ka iya gyarawa ba tare da ka hau mota ba?

Zaɓin da ake yawan kawowa uku ne. Akwai C# tare da WinForms, kayan zana allon manhaja, na kamfanin Microsoft. Akwai Python, ko da Tkinter da ke zuwa a cikinsa ko da Qt, su ma kayan zana allo ne. Sai Electron, wanda GitHub ya fitar a 2013, inda ake rubuta manhajar tebur da kayan aikin shafin intanet, wato HTML da JavaScript. A ƙasashen da ake Faransanci akwai na huɗu, WinDev na kamfanin PC SOFT da ke Faransa, wanda har umarninsa ana iya rubutawa da Faransanci. Yana da saurin haɗa allon shigar da bayanai, amma na kuɗi ne, kuma idan ka maƙale masu taimaka maka a intanet ba su kai na sauran yawa ba. Wanda ya gaji manhajar WinDev a wurin aiki ya ci gaba da ita. Mai farawa daga tushe da aljihunsa, zancenmu a kan ukun farko yake.

Matsala ta farko ba ta ma jira a fara ciniki: ka kai manhajar a filas, ka danna, ta ƙi buɗewa. A nan shekarun kwamfutar mai shago ne suke yanke hukunci. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kula da Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, amma kwamfutocin hannu na biyu da ke shagunanmu ba su san an yi ba. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, daga 3.9 zuwa sama ba ya yarda. Qt 6 ma ba ya hawa, sai dai Qt 5. Electron ya tsaya a kan na 22, daga na 23 da ya fito a farkon 2023 sai Windows 10 zuwa sama. Ma'ana, idan ka rubuta da sabon Python a kwamfutarka ka kai wa mai Windows 7, saƙon wani fayil na DLL da ya ɓace kawai za ka gani, kuma sauko da wannan fayil ɗin daga wani shafi ba abin dogaro ba ne. Maganin shi ne ka koma 3.8 ka sake haɗa manhajar.

C# ya fi su sauƙi a wannan fage, da sharaɗi ɗaya: ka zaɓi .NET Framework 4.8, tushen da manhajar C# ke gudana a kai, wanda ya fito a 2019. Yana hawa Windows 7 mai SP1, ko da yake wani lokaci sai an fara sa wa Windows ɗin wasu sabuntawa, kuma yana zuwa a cikin Windows 10 tun sabuntawar Mayun 2019, haka ma a Windows 11. Saboda haka fayil ɗin da za ka aika ƙarami ne ƙwarai, har ta WhatsApp ana turawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Electron yana ɗauke da cikakken Chromium, injin burauzar Chrome, a cikinsa, kowane gyara sai ka sake tura megabait masu yawa, a garin da ake sayen data da lissafi. Python da aka ɗaure da PyInstaller, abin da ke haɗa manhajar ta buɗe ko ba a sa Python a na'ura ba, yana tsakiya, da Tkinter ya fi sauƙin nauyi, da Qt ya ƙara ƙiba.

C# ma yana da nasa tarkon, kuma kusan kowa sai ya faɗa: rikicin 32 da 64, wato Windows da manhajoji masu bit 32 da masu bit 64. Wanda ya haɗa manhajarsa da rumbun bayanai na Access ya san saƙon nan na Faransanci da ke cewa Microsoft.ACE.OLEDB.12.0 "n'est pas inscrit sur l'ordinateur local". Sau da yawa an sa abin da ake nema, sai dai na 32 ne alhali manhajar tana gudana a 64, ko akasin haka. Irin wannan ne ke kawo BadImageFormatException, da kuma ƙorafin rashin samun SQLite.Interop.dll. Hanya mafi gajarta ita ce ka tsayar da manhajar a kan x86, wato 32, tun wajen haɗawa, ka sa duk abin da take jingina da shi ya zama na 32. Manhajar 32 tana aiki a Windows na 64, ta 64 kuwa ba ta aiki a na 32. Haka dokar take ga Python: PyInstaller yana fitar da irin Python ɗin da ka haɗa da shi ne, in kana son ta hau ko'ina sai ka haɗa da na 32.

PyInstaller yana da halaye biyu da suke wahalar da sababbin hannu. Idan ka ce ya dunƙule komai a fayil guda, to duk buɗewa sai ya kwance kayansa a wata folda ta wucin gadi, shi ya sa manhajar take jinkirin tashi a tsohuwar na'ura, shi ya sa kuma hoton tambarin shago da ke fitowa lafiya a wurinka yake ɓacewa a wurin mai shago, sai ka bi ta sys._MEIPASS ka nuna masa hanya. Mafi muni, in ka ajiye rumbun bayananka a wannan folda, ana rufe manhajar cinikin ranar ya tafi. Na biyu, manhajojin kashe ƙwayar cutar kwamfuta sukan yi wa fayilolinsa kallon ɓarawo su goge su. Barin kayan a folda maimakon fayil guda yakan rage wannan. Gargaɗin SmartScreen da Windows ke yi kan manhajar da bai sani ba kuwa duk ukun yana samunsu muddin ba ka sayi takardar sa hannu ta manhaja ba.

Inda ya fi cancanta a daɗe shi ne maganar waƙafi da ɗigo, domin nan ne kuɗin mutane ke zubewa ba tare da wani saƙon kuskure ya fito ba. A tsarin Faransanci sha biyu da rabi 12,5 ake rubuta shi, a na Ingilishi 12.5. A arewacin Kamaru da Cadi kwamfutocin iri biyu ne a kasuwa ɗaya: wadda ta zo ta Duwala da Windows na Faransanci, da wadda ta tsallako daga Najeriya da na Ingilishi. Yaron shago kuwa abin da ya koya a makaranta zai buga, waƙafi.

Ɗauki shagon kayan wuta da ke sayar da waya mita ɗaya sefa 400. Mai saye ya ce a yanka masa mita sha biyu da rabi, kuɗinsa 5,000. Yaro ya buga 12,5. Idan C# ne da double.Parse a kan Windows na Faransanci, lafiya lau. A kan na Ingilishin Amurka kuwa, zai ɗauki waƙafin a matsayin mai raba dubbai ya watsar da shi, ya karanta 125, rasit ya fito da 50,000. Idan Python ne, float zai ƙi karɓa sam, ya jefo ValueError. Idan JavaScript ne da parseFloat, zai karanta har inda ya gane ya tsaya, ya ba ka 12, rasit ya fito da 4,800.

A cikin ukun nan, na Python ya fi mutunci, domin ya tsaya ya yi ihu. Na C# abin kunya ne amma ba ya daɗewa, mai saye da kansa zai ce: "Haba, Alhaji, wayar zinariya ce?" Na JavaScript shi ne mugun. Sefa 200 ne suka bi iska, mai saye ba zai yi magana ba, yaro ba zai lura ba, sai ƙarshen wata Alhaji ya ga waya ta ƙare a shago alhali kwamfuta tana cewa da saura. Wanda za a fara zargi kuwa yaron shago ne, ba kai ba, kuma wannan alhaki ne da bai kamata mai rubuta manhaja ya ɗauka ba.

Maganin iri ɗaya ne a ko'ina. Kada ka bar wa Windows ɗin mai shago ya zaɓa maka. Karɓi waƙafi da ɗigo duka, mayar da su abu ɗaya da hannunka, sannan ka karanta da tsari tsayayye: a C# decimal.TryParse da InvariantCulture, a JavaScript Number maimakon parseFloat domin shi yana ƙin abin da bai gane ba. Kuɗi kuwa ajiye shi a cikakkiyar lamba, tunda ba a ciniki da ɓarin sefa. Ka kuma lura da tazarar da tsarin Faransanci ke sawa tsakanin dubbai, kamar 50 000: ba tazarar da kake bugawa da babban madanni ba ce, wata alama ce daban mai kama da ita, shi ya sa lambar da aka kwafo daga Excel takan ƙi karantuwa alhali ido bai ga laifinta ba. Fayil ɗin CSV da Excel na Faransanci ya fitar ma da waƙafi mai ruwa yake raba bayanai. Kwanan wata kuma, 03/04 uku ga Afrilu ne a nan, huɗu ga Maris a tsarin Amurka. A shagon magani wannan ranar lalacewar magani ce. Ajiye shi shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03, sai wajen nunawa ka juya shi yadda mutane suka saba.

Sunayen mutane ma suna da nasu. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 yana da é da è, shi ya sa Faransanci ke wucewa lafiya, amma ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ na Hausa, balle ŋ na Fulatanci. Python a kan Windows, in ka buɗe fayil ba ka ce encoding="utf-8" ba, yakan bi tsarin na'urar, sai ranar da aka rubuta Ɗanladi ko Ɓaleri ya tsaya da UnicodeEncodeError. C# ba ya yawan yin haka, domin UTF-8 yake rubutawa in ba ka ce masa wani abu ba. Matsalarsa tana wajen SQL Server: gurbin varchar yakan lalata waɗannan haruffa, sai ka yi amfani da nvarchar. A Injamena, inda Larabci yake harshen hukuma tare da Faransanci, za a iya neman suna da rasit da Larabci. Nan Electron ya yi wa kowa fintinkau, domin rubutun dama zuwa hagu aikin Chromium ne na yau da kullum. Qt na biye da shi, WinForms yana yi in ka kunna RightToLeft, Tkinter kuwa kada ma ka fara. Ƙaramar firintar rasit mai aiki da umarnin ESC/POS ita ma ba ta san ƙ ba; in ana son harafin ya fito, sai a tura rasit ɗin a matsayin hoto ko a bi ta direban Windows, abin da PrintDocument na C# yake yi cikin sauƙi.

Daskarewar allo, inda Windows ke rubuta "Ne répond pas" a saman taga bayan kamar daƙiƙa 5, ciwo ɗaya ne a duk ukun: ka ɗora aiki mai nauyi, kamar rahoton shekara, a kan layin aiki (thread) da ke kula da allo. A C# async da Task.Run sun sauƙaƙa abin, kuma in ka taɓa allo daga wani layin yakan tsawata maka da saƙo bayyananne yayin gwaji. A Qt akwai QThread da sigina. A Tkinter sai ka haɗa layin aiki da queue da after da hannunka, in ka yi kuskure kuma ba lallai ya faɗa maka ba.

Sai wuta. Arewacin Kamaru ya dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya a bazara ana rabon wuta, a Injamena ma janareto da sola ba baƙi ba ne. Kwamfutar tebur marar batirin ajiya tana mutuwa ne a tsakiyar rubutu. A nan ba yaren ne ke cetonka ba, rumbun bayanan ne. Fayil ɗin Access, ban da iyakarsa ta gigabait 2, ya yi suna wajen lalacewa in aka katse shi yana rubutu, musamman in kwamfutoci biyu suna raba shi ta waya. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000, an gina shi ne domin ciniki ya shiga duka ko kada ya shiga sam: yana rubuta abin da zai yi a wani fayil na gefe, in wuta ta dawo ya gyara kansa. Amma sai ka taimake shi. Cire kaya daga ma'aji da rubuta kuɗin da aka karɓa su zama cikin transaction guda, wato aiki ɗaya da ba a rabawa, in ba haka ba wuta za ta ɗauke a tsakaninsu, kaya su ragu kuɗi bai shiga ba. Kada ka goge fayilolin gefen nan masu ƙarewa da -journal ko -wal don ka ga kamar shara ne. Kada ka kwafi rumbun zuwa filas manhaja tana buɗe. Yi amfani da VACUUM INTO ko hanyar ajiya ta SQLite ɗin kansa. Kada kuma ka ajiye shi a Program Files, inda Windows ba ya barin a yi rubutu. Wurinsa AppData ko ProgramData.

Python yana zuwa da SQLite a cikinsa, babu abin da za ka ƙara, kuma wannan babbar riba ce. C# sai ka ɗauko ɗakin karatunsa ka kula da maganar 32 da 64. Electron ya fi wahala, domin better-sqlite3, mai haɗa shi da SQLite, da ire-irensa sai an sake haɗa su daidai da Electron ɗin da kake amfani da shi, in ba haka ba saƙon NODE_MODULE_VERSION zai tare ka. Ran da shago ya girma aka sa kwamfuta ta biyu a wajen karɓar kuɗi, kada ka raba fayil ɗin SQLite ta folda. Masu shi da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Lokacin PostgreSQL, MariaDB ko SQL Server Express ya yi.

Saura babbar tambaya: in ta faɗi, me take bari a baya? Manhajar C# da ta mutu takan bar sawu a Observateur d'événements na Windows, ƙarƙashin .NET Runtime mai lamba 1026, da jerin ayyukan da ta bi kafin ta faɗi. In ka tura fayilolin pdb, masu bayanan binciken kuskure, tare da ita, rahoton da ka kama zai zo har da lambar layi. Python da aka ɗaure ba tare da baƙar taga ba shiru yake yi: a Tkinter maɓalli ya daina aiki kawai, ba saƙo ba komai, a PyQt5 kuwa taga ta ɓace gaba ɗaya. Abin da za a gaya maka a waya shi ne "na danna, bai yi ba", kuma da wannan ba a gyara komai. Electron yana da kayan bincike na Chrome, masu kyau ƙwarai in kana gaban na'urar, marasa amfani in kana wani gari.

Saboda haka ko da wanne ka tafi, kafin ka zana allo na farko rubuta abin da zai kama duk kuskuren da ya kuɓuce ya zuba shi a fayil: Application.ThreadException da UnhandledException a C#, sys.excepthook da report_callback_exception a Python. Sa kwanan wata, irin Windows ɗin, tsarin harshen na'urar da lambar fitowar manhajar a kowane rahoto. Sannan ka sa maɓalli ɗaya babba da zai buɗe wannan fayil, yadda za ka ce wa yaron shago: "Ƙanena, danna jan maɓallin nan, ɗauki hoton abin da ya fito ka turo mini." Rabin tafiye-tafiyen gyara a nan suke ƙarewa.

In aka ce in zaɓa wa mai farawa da zai yi wa kanti, shagon magani ko makaranta aiki a Garwa, Marwa ko Kusuri, C# da WinForms a kan .NET Framework 4.8 tare da SQLite zan ce. Allonsa ba shi da ƙyalli, kuma sauko da Visual Studio yana cin gigabait da yawa, gara ka nemi inda intanet ke da ƙarfi ka yi shi sau ɗaya. Amma yana hawa tsohuwar na'ura da sabuwa, gyaransa yana tafiya ta waya, firinta ba ta ba shi wahala, kuma in ya faɗi yana faɗin dalili. Wanda ya riga ya iya Python sosai kada ya watsar da shi don wannan: ya tsaya a 3.8 na 32 da Qt 5 in akwai Windows 7 a cikin abokan cinikinsa, ya bar dunƙule komai a fayil guda, ya kuma gwada a kan wata kwamfuta da ba a taɓa sa mata Python ba kafin ya kai. Electron na wanda ya tabbata na'urorin sababbi ne masu wadataccen RAM, ko aikin yana buƙatar Larabci da Faransanci a allo ɗaya, ko kuma ana shirin mayar da manhajar shafin intanet nan gaba. A kan kwamfuta mai RAM gigabait 2 da ke fama da zafin Afrilu, buɗe shi kaɗai zai sa mai karɓar kuɗi ya koma wa littafi da biro.